Rasuwar Hajiya Proje, Kwamfutar Tahiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa lamari ga Mai kowa mai komai, iyalan shagon buga takardu na Tahiru ɗan Alhaji Muhsinu Badamagare, da ke bakin kasuwar Difa, tare da 'yan fadar shayi ta ƙofar shagon, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Difa da Shetimari da Boso da duk garuruwan bakin kogin Komadugu rasuwar uwar ɗakinsu, kwamfutar nan da kowa ya sani da suna Hajiya Proje. Ta cika ranar Talata, sha huɗu ga watan Afrilu na shekarar 2009, tsakanin azahar da la'asar, a kan teburinta, tana tsakar aiki. Ta rasu tana da shekara goma a duniya, wanda a wurin irinsu tsufa ne tukuf.

An haifi marigayiya a wata ƙasa mai sanyi da ba ta taɓa gaya mana sunanta ba. Ta iso Difa cikin kwali a 1999, ta yi shekara uku a ofishin wani proje, wato shirin tallafi na noman rani, tana rubuta rahotannin da har yau ba mu ji wanda ya karanta su ba. Da proje ya naɗe tabarmarsa ya tafi, ta faɗo hannun Tahiru, aka ɗauko ta a amalanken jaki daga ɗaki mai sanyi zuwa shagon kwano, tsakanin mai sayar da buhunan tattasai da mai gyaran keke. Da wata ce, da tuni ta yi yaji. Ita ko tari ba ta yi ba.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da haƙuri da riƙon asiri. Ta buga takardun neman aiki na rabin samarin garin nan, da katunan biki, da wasiƙun da masu su suka roƙa a goge da zarar sun fita, ba a taɓa jin maganar kowa a bakinta ba. Aibinta ɗaya, nawar tashi. Idan aka taɓa ta da safe sai ta ce "tiit", sau ɗaya tak, sannan ta shiga "gurrr, kacak, kacak" kamar tsohuwar da ke neman tashi daga tabarma. Kafin ta gama buɗe ido, shayin farko ya nuna. Mun yi mata ba'a a kan wannan shekara bakwai, yau kuma da za a dawo mana da wannan gurnani da mun zauna mun saurare shi har ƙarshe.

Amma babban aikin marigayiya, wanda saboda shi ne ake wannan sanarwa, shi ne riƙon da ta yi wa wani ƙauye.

Ga yadda abin ya samo asali, don waɗanda ba su zauna a fada ba. A 2003 Tahiru ya dawo daga Maiduguri da faifan wani wasa. Wasa ne da mutum yake ƙera jaruminsa, ya raɗa masa suna, ya zaɓa masa fuska da makami, ya riƙa yawo da shi gari gari. Mutanen cikin wasan iri biyu ne. Akwai jarumin da kake tuƙawa da hannunka, akwai kuma mutanen gari, waɗanda ba mai tuƙa su, kowa yana tsaye inda aka ajiye shi, in ka gaishe shi ya amsa da 'yan kalmomin da aka sa masa a baki. Kowane ɗan fada ya ƙera nasa jarumi. Bayan la'asar, in masu buga takardu sun ragu, ana bin layi, kowa da rabin awarsa, ana shan shayi ana yi wa mai riƙe da linzami shisshigi.

Sai rayuwa ta fara kwashe 'yan fada ɗaya bayan ɗaya, jarumansu suka zauna ba mai taɓa su. Aka ce wa Tahiru ya goge su ko Hajiya ta samu sarari a cikinta. Tahiru kuwa mutum ne da ko tsohon takalmi ba ya iya yarwa. A cikin kwalin wasan akwai faifai na biyu, na kayan gini, wanda ba wanda ya kula da shi don bayaninsa Faransanci ne mai ƙashi. Ya yi wata huɗu a kansa da ƙamus a cinya, har ya gano yadda ake cire jarumi daga hannun mai shi a mayar da shi mutumin gari. Shi ya sa wa abin suna ritaya. Ya gina ƙauye a bakin wani kogi. Wasan ba shi da tattasai, sai ya samo wani jan fure ya jera shi kunya kunya har ya cika fadama.

Abdulrazak, da ya tafi jami'a a Yamai, ya zama mai tsaron ƙofar ƙauye, in ka gaishe shi rubutu ya fito: "Sai na zo hutu." Mahaman, da ya bi motar Libiya, aka tsayar da shi a arewacin gari yana kallon rairayi, yana cewa: "Bana kam zan aiko." Ɗanlami, da ya yi aure ya rage zuwa fada, aka zaunar da shi a ƙofar wani gida yana cewa: "Bari in tambayi Uwani." Mai rubuta wannan sanarwa shi ne Ɗanlamin, kuma yana so a sani cewa sau ɗaya ya taɓa faɗin haka, shi ma da dalili.

Duk wannan wasa ne da dariya, har zuwa kan Abbakar.

Abbakar ɗan Ya Gumsu na Difa Kura manomin tattasai ne, kuma aminin Tahiru tun suna lakkol, makarantar boko. Jaruminsa wani ƙato ne mai sulke da gatari, ya sa masa suna Kacalla, ba ya shiga gida ta ƙofa in akwai bangon da za a fasa. A watan Nuwamba na 2005, Komadugu ta cika ta batse, Abbakar yana dawowa daga gonar tsallake a kan gorunan fito, waɗanda ake ɗaurewa wuri ɗaya a haye ruwa, ɗaurin ya kwance a tsakiyar ruwa. Sai bayan kwana biyu aka same shi. Maza suka yi masa sutura a nan bakin gaɓa inda ruwa ya ajiye shi. Mahaifiyarsa ba ta ga fuskarsa ba, ba ta kuma san inda kabarinsa yake ba sai da kwatance. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Tahiru ya yi wata biyu bai buɗe wasan ba. Ranar da ya buɗe, ya kori kowa daga shago. Ya tuɓe wa Kacalla sulke, ya karɓe gatarin, ya sa masa riga 'yar shara ya ba shi fartanya. Da farko ya tsayar da shi a mashigar kogin, bai iya kallonsa a wurin ba, ya ɗauke shi ya mayar kan tudu ƙarƙashin wata bishiya, ya juya bayansa ga ruwa. Ya koma kan kogin ya rage masa zurfi har ya zama iya gwiwa daga wannan gaɓa zuwa waccan. A cikin kayan ginin akwai wani ɗan akwati da ake sa wa alama, duk wanda aka sa wa, ko me ya same shi a wasan ba ya mutuwa. Tahiru ya sa wa Abbakar wannan alama.

Sauran mutanen ƙauyen rubutu suke yi, Abbakar shi kaɗai yake magana da murya. Shekara guda kafin rasuwarsa Tahiru ya samo wani ɗan makirufo, Abbakar ya shigo daga gona da ƙurar tattasai a riga, ya fizge shi ya yi surutun da bai kai minti ɗaya ba. Bai taɓa ɗaukar kaset ba, bai riƙe salula ba, wannan ita ce muryarsa kaɗai da ta rage a duniya. Tahiru ya yanka ta gida biyar ya sa a bakinsa.

Ta farko: "Wushe, wushe, kun zo lafiya?" Ta biyu: "Tahiru, abin nan yana ɗauka kuwa?" sai dariya. Ta uku: "Ruwa ya kawo bana, tattasai zai yi." Ta huɗu da harshensu na Kanuri ya faɗe ta, ga wani maƙwabci da ya leƙo shago zai wuce gida, ma'anarta: "Ka ce wa Ya ina nan tafe, a ajiye mini burabuskona." Ta biyar atishawa ce, da "Alhamdulillahi".

Ya Gumsu sana'arta ka'aji, turaren wutan nan na matan Barebari, kuma duk kwarin nan ba a haɗa nata da na kowa. Ranar Talata kaɗai take fitowa, ranar kasuwa. Wata Talata tana wucewa da tirenta ta ji dariyar ɗanta tana fitowa daga shago. Tiren ya faɗi. Tahiru ya zabura zai kashe na'ura, ta ɗaga masa hannu daga bakin ƙofa.

"Bar shi, ɗana," in ji ta da Hausarta mai nauyin Kanuri. "Na san ba shi ne ba. Amma maganan nasa ne. Sake."

Tun daga ranar ba ta fasa Talata ɗaya ba, shekara uku da 'yan watanni. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta koyi riƙe linzami, da hannu biyu take kama shi. Wasan ba ya bin layi wurin fitar da maganganun, wadda ta zo ita ce. Sai ta yi ta gaishe shi, yana amsawa, har ta huɗu ta fito. Da ta ji ta sai ta ce "To", ta miƙe ta ɗauki tirenta. Wata Talatar a gaisuwar farko take samu, ta fita ko zama ba ta gyara ba. Wata Talatar sai ta danna sau ashirin, yana ta atishawa yana ta tambayar ko abin yana ɗauka, tana cewa: "Wannan yaro da wasa yake." Mu 'yan fada a waje kowa ya sunkuyar da kai yana kallon kofinsa.

Yanzu mun zo kan ciwon ajali. Ya Gumsu ba ta karanta boko, don haka ana roƙon duk wanda zai karanta mata wannan takarda, don girman Allah, ya tsallake daga nan zuwa inda aka ce marigayiya ta bar.

Babarbariyar uwa ba ta zuwa wurin wanda take girmamawa hannu biyu, kuma ba ta barin ɗakin ɗanta ba ƙamshi. Tun Talata ta biyu Ya Gumsu ta zo da kasko da garwashi da mafi tsadar ka'ajinta, wanda ba ta sayarwa. Ta yi wa Hajiya Proje yadda ake yi wa amarya da babban baƙo. Ta ajiye kaskon a ƙasa daidai inda Hajiya take shaƙar iska, ta lulluɓe ta da sabuwar lafaya har ƙasa don kar hayaƙin ya tsere, na'ura kuwa tana kunne, don a cewarta ba a turara mutum yana barci. Ka'aji da mai ake haɗa shi, da sukari da ƙaro. Kowace Talata fankar cikin Hajiya tana zuƙar wannan hayaƙi tana ajiyewa.

Tahiru ya sani. Tun ranar farko ya sani, ya buɗe baki ya rufe. Ta yaya ɗan da aka haifa jiya zai dubi uwar amininsa, tana durƙushe tana hura garwashi da bakinta, ya ce mata turarenta cuta ne? Mun ce masa ya faɗa mata da dabara, ya ce mu je mu faɗa, ba wanda ya motsa. Mun ce masa ya kwafe muryar ya ajiye wani wuri. Ya kwafa sau ɗaya a disket, ɗan faifan ajiya irin na da, ya jefa a aljihun tebur. Daga baya har ɗan makullin ajiya na zamani, wato filash, ya saya, ya rataya a wuya, kullum yana cewa gobe. Gaskiyar ita ce kafin ya kwafa sai ya buɗe inda muryar take, ya ga ranar da aka ɗauke ta a rubuce, shi kuwa ba ya iya kallon wannan rana. Muna faɗin wannan ba don tozarta shi ba, shi ya ce a rubuta.

Cikin watannin ƙarshe muryar Hajiya ta canza. Gurnanin safe ya koma "kirrr, kirrr" mai tsawo, ta fara suma da tsakar rana, jikinta zafi rau, sai an yi mata fifita da kwali. Ranar sha huɗu ga Afrilu rana ta yi irin zafin da kaji ke buɗe baki a inuwa. Ya Gumsu ta zo, ta turara, ta lulluɓe, ta zauna. Abbakar ya ce wushe. Ya ce ruwa ya kawo. Ya yi atishawa sau biyu. Ya tambayi Tahiru ko abin yana ɗauka, ya fara dariya, dariyar ta tsaya a tsakiya. Hajiya ta ce "kak, kak, kak" sau uku a hankali, allo ya yi baƙi. Ta huɗu ba ta fito ba.

Tahiru ya naɗe ta cikin bargo ya rungume ta a mota tun daga Difa har Damagaram, bai yarda an ɗora ta a sama da kaya ba. Bubakar mai gyara ya kwance ta, ƙamshi ya cika shagonsa har maƙwabta suka leƙo. Fankar ta daskare cikin baƙin danƙo, faifan ajiyar da ke ɗauke da ƙauyen ya ƙone.

"Malam, wa yake turara wannan?" in ji Bubakar. "Shekara ashirin ina buɗe na'ura, ban taɓa ganin gawa mai ƙamshi haka ba."

Tahiru ya sa hannu a aljihu. Ya miƙa masa disket ɗin nan ta aljihun tebur, aka gwada, ashe ita ta daɗe da riga uwarta rasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wannan kalma ana faɗinta a kan kowace asara, kuma a nan ba da wasa muka rubuta ta ba.

Marigayiya ta bar allo ɗaya mai ƙaton ƙeya, da madannai wanda haruffa huɗu suka goge daga fuskarsa, da linzami, da lasifika biyu, ɗaya kurma ce tun 2006. Ta bar na'urar buga takarda, abokiyar zamanta, wadda ba su taɓa shiri ba amma tun ranar ba ta ce uffan ba. Ta bar 'yan fada a Difa da Yamai da Libiya. Ta tafi da mutum goma sha ɗaya na ƙauyen bakin kogi, da gonar jan fure, da kogin da ba ya cin kowa. Ta bar Tahiru, wanda har yau in ya buɗe shago yakan miƙa yatsa ƙarƙashin tebur kafin ya tuna.

Talatar da ta biyo bayan dawowarsa, Ya Gumsu ta iso da kaskonta ta tarar da tebur ba kowa. Tahiru ya durƙusa a gabanta.

"Ya, na'urar ta rasu. An kai ta Damagaram, ba a samu komai ba. Har muryar."

"Me ya kashe shi?"

"Tsufa, Ya. Da zafin bana."

Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da uwa ke yi wa yaron da ta san ya ɓoye wani abu a bayansa, amma ba ta tambaya ba. Ta zauna a kujerar da ta saba. Sai ta fara jero maganganun da bakinta, ɗaya bayan ɗaya, yadda yake faɗinsu, har inda yake jan numfashi kafin dariya, har atishawar. Huɗu ta faɗa, ta tsallake guda.

"Ranan nan bai ce yana tafe ba," in ji ta. "Ka lura?"

Tahiru ya ce ya lura.

"Shekara uku duk Talata in na koma gida ina zuba burabusko a kwano ina rufewa. Da safe in ba kaji. Na san hauka ne, amma yaro ya ce a ajiye. Ranan nan na koma, na ɗauki kwano, na mayar." Ta gyara lafayarta. "Ɗana, kai ma ka gaji. Ka bar shi ya tafi."

A nan ne Tahiru ya yi kukan da bai yi ba a bakin gaɓa. Mu da ke waje muka tashi muka ba su wuri, shayi ya ƙone a kan wuta ba wanda ya sauke.

Za a yi jana'izar Hajiya Proje ranar Talata, biyar ga watan Mayu, bayan sallar la'asar, a ƙofar shago. Ba wanka, za a goge ta ne da busasshen tsumma. Gangar jikinta za ta koma Damagaram wurin Bubakar, ko wasu marasa lafiya za su amfana da sassanta. Faifan ajiyar, wanda bai fi tafin hannu ba, Tahiru ya yanke a naɗe shi cikin lafayar nan a damƙa wa Ya Gumsu. Ba a karɓar gudummawa. Masu zuwa da shawarar abin da ya kamata a yi tun farko su riƙe abarsu, an riga an sani. Waɗanda ke nesa su yi wa Abbakar addu'a daga inda suke, shi ne mai bukata.

Ya Gumsu ta nemi a bar ta ta turara marigayiya kafin a ɗauke ta. A bar ta ta yi yadda take so, ta daɗe yadda take so, yanzu hayaƙi ba abin da zai ƙara. Ita ce kuma za ta kawo abincin sadaka, burabusko da miyar kuɓewa, a babban kwano. Ta ce a gaya wa kowa ya zo da yunwarsa, a cinye shi tas, kar a rage wa kowa.